Zanen Goyo da Rigar Suna: Hukuncin Aron Kayan Jarirai Tsakanin Dangi

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin bayi, Wanda Ya kawo mu goman ƙarshe na wannan wata muna raye, alhali wasu da muka ɗauki azumi tare da su yau suna kwance ƙarƙashin ƙasa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako. 

Niyyarmu a daren yau mu ci gaba da bayanin i'itikafi, sai ga wata takarda ta iso hannunmu bayan sallar la'asar. Wata baiwar Allah ce ta sa aka rubuta mata, ta roƙi kada a faɗi sunanta ko garinta, kuma ba za mu faɗa ba. Da muka ji abin da ke ciki, sai muka ga i'itikafi zai iya jiran gobe.

Ta ce ta haifi ɗanta na fari, namiji. Ya yi wata 9 a duniya, zazzaɓin damina ya zo, Mai shi Ya karɓi abinSa. Ta wanke kayansa, ta ninke, ta sa a akwati: zanen goyo na saƙi wanda mahaifiyarta ta ba ta sa'ad da ta je goyon ciki, da majanyi, da shawul, da ƴan huluna, da rigar da aka sa masa ranar suna. Shekara 3 Allah bai sake ba ta haihuwa ba. Sai ƙanwar mijinta ta haihu. Ranar barka, ɗaki cike da mata, uwar mijinta ta dube ta ta ce, ai ga kaya can ajiye ba mai sawa, tashi ki ɗauko wa ƴar uwarki. Ta ce kunya ta ɗaure mata harshe. Ta ɗauko, ta miƙa. Ba wanda ya ce aro ne, ba wanda ya ce kyauta ce. Bayan kamar shekara ta je gidan, sai ta tarar da rigar sunan an mai da ita tsumma ana goge tabarma da ita. Ta tambayi zanen, aka ce an ba wata ƴar uwa da ta haihu a wani gari. Tun daga ranar ba ta sake taka gidan ba, ko a wurin biki suka haɗu kowa kau da kai take yi. Tambayarta uku ce: da ta hana, ta yi rowa? Son da take wa kayan nan rashin yarda da ƙaddara ne? Kuma tana da hakkin ta nemi a mayar mata?

Mun san akwai wanda zai ce, a goman ƙarshe malam ya rasa abin wa'azi sai tsumma da majanyi. To, mai wannan magana bai zauna zauren sulhu ba. Mu da muka tsufa muna sasanta mutane mun ga zumunta ta tsinke a kan kwano da zane fiye da yadda muka ga ta tsinke a kan gona. Rikicin gona ana kai shi gaban sarki ko alƙali, a yanke, a huta. Rikicin zane kuwa ba mai kai shi ko'ina, saboda ana jin kunyar a ce a kan zane ake faɗa, sai ya zauna cikin ciki yana ruɓewa, har ƴaƴa su tashi su gaji gabar da ba su san asalinta ba.

Mu fara da aro kansa. A cikin Alƙur'ani mai girma akwai sura ta 107, mai ayoyi 7, wadda yaranmu suke haddacewa tun suna kan allon farko, ita ce Suratul Ma'un. A ƙarshenta Allah Ya zargi masu riya, masu hana ma'un. Mene ne ma'un? Wasu daga cikin sahabbai, kamar Sayyidina Ali da Abdullahi ɗan Umar, sun ce zakka ce. Abdullahi ɗan Mas'udu kuwa ya ba da labari cewa a zamanin Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, suna lissafa aron guga da tukunya cikin ma'un. Ikrima, almajirin Ibn Abbas, ya haɗa maganganun biyu, ya ce mafi girmansa zakka ce, mafi ƙanƙantarsa aron kayan gida. Ku duba, jama'a. Guga da tukunya. Abin da za ki ara wa maƙwabciya ya dawo miki bai ragu ba. In haka ne, bahon wankan jariri, da tukunyar dafa ruwan jego, da gidan sauro, da katifar yaro, duk sun shiga wannan babi, ba sai an yi dogon bincike ba.

Gidan Annabi kansa gidan aro ne da ba da aro. Ya ari dokin Abu Ɗalha ya hau, daren da aka ji wata ƙara a Madina mutane suka firgita. A shekara ta 8 bayan hijira, da zai fita yaƙin Hunaini, ya ari sulkuna a hannun Safwanu ɗan Umayya, alhali Safwanu bai musulunta ba tukuna. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ari sarƙar wuya a wurin yayarta Asma'u, sarƙar ta ɓata a hanyar tafiya, aka tsaya nema ba ruwa a wurin, kuma a dalilin wannan tsayuwa ce ayar taimama ta sauka. Ita kuma Nana A'isha tana da wata riga mai arha, irin wadda kuɗinta bai wuce dirhami 5 ba, ta ce a zamanin Annabi ba amaryar da za a yi wa ado a Madina face an aiko an ari rigar nan. Imam Buhari ne ya kawo wannan. Riga ɗaya ta zaga amaren gari guda! Kuma da Ummu Aɗiyya ta ce wata mace ba ta da mayafin da za ta fita idi da shi, Annabi ya ce ƴar uwarta ta yafa mata nata.

Iyayenmu mata na da sun san wannan ko ba su karanta ba. A gidan gandu zanen goyo ɗaya yakan goyi yara bakwai, takwas, daga ɗakin wannan zuwa ɗakin waccan, har ya yi laushi kamar auduga. Shi ya sa suke cewa ɗa na kowa ne. Yau kuwa, duk wanda ya shiga kasuwar Dole a Damagaram ko babbar kasuwar Maraɗi ya tambayi kuɗin tawul da shawul da baho, ya san talakan da ke awon tiyar hatsi kullum ba zai haɗa su a haihuwa ɗaya ba, ga ragon suna yana jiransa. Ko na gwanjo sai an yi shawara da aljihu. Jaririn da aka haifa a tsakiyar ɗari yana bukatar abin rufa a daren nan, ba zai jira kaka ba. Saboda haka wadda akwatinta ke cike da kayan yaran da suka girma har sun shiga makaranta, ga ƙanwarta tana naɗe jariri a tsohon ɗankwali, ta kuma ce ba ta da komai, wannan ta ji tsoron Allah. Annabi ya gaya mana sadaka ga ɗan uwa lada biyu gare ta, ta sadaka da ta zumunci.

Amma mai takardarmu ba wannan ba ce, kuma a nan muke so maza musamman su buɗe kunne.

Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2, cikin kamammun Ƙuraishawa akwai Abul Asi ɗan Rabi'u, mijin Nana Zainabu ƴar Manzon Allah. Tana Makka a lokacin. Da mutanen Makka suka aiko da fansar ƴan uwansu, ita ma ta aiko da tata, a ciki har da wata sarƙar wuya wadda mahaifiyarta, Nana Hadiza, ta ba ta ranar da aka kai ta ɗakin miji. Nana Hadiza ta yi kimanin shekara 5 da rasuwa a lokacin. Da idon Annabi ya faɗa kan sarƙar nan, Nana A'isha ta ce wani tausayi mai tsanani ya kama shi. Bai ce ai dutse ne da zare ba. Ya juya ga sahabbai ya nemi, in sun yarda, su saki mijinta su kuma mayar mata da abinta. Suka yarda. Allahu Akbar. Mafi tawakkalin halitta ya ga kayan matarsa da ta rasu zuciyarsa ta motsa, kuma ya so kayan su koma hannun ƴarta.

Ga Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari. Da ayari ya baro Masar da rigar Yusufu, tun ba su iso ba tsoho ya ce yana jin ƙamshin ɗansa, na kusa da shi suka ce ruɗewarsa ta da ce ta dawo. Aka jefa masa rigar a fuska, ganinsa ya dawo. Wannan mu'ujiza ce, ba mu ce kowace riga haka take ba. Amma ku lura, Allah bai zargi Yakubu da jin ƙamshin ɗansa ba, waɗanda suka yi masa izgili su ne suka kunyata. Kuma sa'ad da Ibrahim, ɗan Manzon Allah, yake hannun masu renonsa a gidan Abu Saifi maƙeri, Annabi yakan je ya ɗauke shi, ya sumbace shi, ya sunsune shi. Ranar da yaron ke kan gargara, a shekara ta 10, bai cika shekara 2 ba, hawaye suka zubo wa Annabi, har Abdurrahmani ɗan Aufu ya yi mamaki, sai ya gaya masa wannan rahama ce. Nana A'isha kuwa ta ajiye mayafi da gyauton da Annabi ya yi wafati a cikinsu, shekaru bayan haka tana fito da su ta nuna wa mutane.

To ke baiwar Allah, ga amsar tambayarki ta biyu. Uwar da ta buɗe akwati ta sunsuni hular ɗanta ta yi hawaye, ta ce Inna lillahi, ta rufe, ba ta yi jayayya da ƙaddara ba. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa, da marin fuska, da yaga tufafi, da furta maganar da ke tuhumar Ubangiji. Haka kuma a ƙudurta cewa tsumman yana kawo sa'a ko yana tsare gida, wannan ɓata ne. Sai dai muna yi wa iyaye mata nasiha ɗaya: in buɗe akwatin ya zama na kullum, har ya hana ci, ya hana barci, ya hana kula da rayayyu, to a rage kayan, a bar ɗaya ko biyu, don magani in ya wuce kima shi ma ciwo ne.

Za mu faɗi wani abu a kan kanmu, ko da ba daɗi. Shekaru sama da 30 da suka wuce, ƙyanda ta ɗauke mana wata ƴa tana tatata. Bayan wani lokaci matar ƙanenmu ta haihu cikin ɗari, hannunsu babu. Mun san akwai ƙunshin kaya a ɗakin uwargida. Ta tafi gaisuwar rasuwa a unguwa, muka shiga, muka ɗauko ƙunshin gaba ɗaya, muka miƙa wa ƙanenmu, muna jin mun yi abin lada. Da ta dawo muka gaya mata. Ta ce, to Malam, Allah Ya ba da lada. Ba ta ƙara ko kalma ba, irin matan da. Sai dai tuwonta na daren nan da safe aka ɗumama shi. Shekaru suka shuɗe, ƴaƴa suka zo, har muka aurar. Wata rana ana hira, sai ta ce, Malam, da ka bar mini hular nan da na saƙa mata. A lokacin nan mun riga mun karanta Risala, mun karanta Muhtasar, muna karantar da su a zaure, mun san dukiyar mace tata ce, miji ba shi da ikon ya ba da ko allurarta sai da yardarta. Mun san hukuncin a takarda, ba mu gan shi a ɗakinmu ba. Mun nemi gafararta, ta yafe, amma hular ba ta dawo ba. Maza, kada ku sayi lada da kayan matanku. Ka tambaya, kuma ka tambaya a keɓe, ka ba ta damar ta ce a'a.

Wannan ya kawo mu ga abin da uwar miji ta yi. Ba mu zarge ta da mugun nufi ba, mai yiwuwa ma tana ganin fitar da kayan zai sauƙaƙa wa surukarta baƙin ciki. Amma hadisi ya tabbata cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Daga nan malamai suka ce abin da aka karɓa da takobin kunya hukuncinsa hukuncin ƙwace ne. Ki tambayi mace abu a gaban taron barka, kina uwar mijinta, kin san a al'adarmu ba ta iya ɗaga ido ta dube ki balle ta musa, wannan ba tambaya ba ce, umarni ne. Ke kuma da kika hana ranar nan, da ba ki yi rowa ba. Aro a mazhabar Imam Malik mustahabbi ne a asalinsa, ba ya zama wajibi sai in akwai larura, kamar a ce jariri zai cutu da sanyi kuma ba wani abin rufa sai naki. Da kin ba da shawul da majanyi kin riƙe rigar suna da zanen mahaifiyarki, da kin sauke hakki kin kuma tsare zuciyarki. Haka nan wadda ke da ciki tana jiran tata haihuwar, ko wadda bahonta ɗaya ne tana kan amfani da shi, in ta ce ba hali, ba ta shiga zargin ayar ba.

Yanzu hukunci. Malamanmu suna kiran aro da Larabci ariya. Ibn Abi Zaidi Alƙairawani ya kawo shi a Risala cikin babi guda da kyauta da sadaka da jingina da ajiya da tsintuwa, Shehu Halilu kuma ya faɗaɗa shi a Muhtasar. Ma'anarsa ka mallaka wa mutum amfanin abu na wani lokaci ba da kuɗi ba, abin kansa yana nan naka. Kyauta kuwa ka mallaka masa abin ɗungurungum. Tsakaninsu akwai rata mai faɗi. In kyauta ce, da zarar ta fita ta fita, ko an yi tsumma da ita ba ruwanki, kuma Annabi ya kwatanta mai komawa kan kyautarsa da kare mai komawa kan amansa. In aro ne, amana ce a wuyan wanda ya karɓa.

Malikawa sun raba kayan aro gida biyu. Akwai abin da ba ya ɓoyuwa, kamar jaki ko gida: in ya halaka ba da sakacin mai aro ba, ba ya biya. Akwai kuma abin da ke ɓoyuwa, kamar tufafi da kayan ado da kwanuka: in mai aro ya ce ya ɓata, zai biya, sai in ya kawo shaida cewa ba da sakacinsa ba ne. Kayan jarirai duk suna cikin kashi na biyu. Amma tsufan da amfani ya kawo ba a biyansa. Zanen goyo zai koɗe, zai sha fitsari da tumbuɗi, bakinsa zai zare. Wadda ta ba da aron zanen goyo tana jiran ya dawo da ƙamshin kanti, ta zalunci kanta ta zalunci ƴar uwarta. Ku tuna da Ummu Halid, yarinyar da aka haifa a Habasha, wadda Annabi ya sa wa wata ƴar riga baƙa mai zane da hannunsa, ya yi mata addu'a ta sa ta har ta kashe ta. Addu'ar tsawon rai ke nan, don tufar yaro da ta tsufa a jikinsa alama ce yaron ya rayu.

Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a wuce abin da aka yi izini. An ba ki riga ki sa wa yaro, kin mai da ita abin goge tabarma, wannan ta'addanci ne ga kayan mutane, akwai biya. An ba ki zane aro kin kyautar da shi, kin ba da abin da ba naki ba. Ko da aron kika ba wa wata, malamanmu sun halatta mai aro ya ara wa wani matuƙar mai kaya bai hana ba, amma hani yakan zo da baki, yakan zo da alama, kuma duk mai hankali ya san kayan mamaci a hannun uwarsa ba irin kayan da ake miƙawa gaba ba ne sai an tambaya.

Akwai hukunci a kan mai ba da aro ma, don kada mu matsa wa ɓangare ɗaya. In kin ce na ba ki har ki yi arba'in, ko har ki yaye, ba ki da ikon karɓewa kafin lokacin. In ba ki faɗi lokaci ba, ana bin abin da aka saba a irin wannan aro, zanen goyo dai sai yaro ya sauka daga baya. Wannan ɗabi'a ta a yi cacar baki da safe, da rana a aiko yarinya a ce, in ji Inna a ba ta bahonta yanzu, ga mai jego ta ɗora ruwa a wuta, shari'a ba ta yarda da ita ba. Sai kuma gori. Ki tsaya a taron suna ki ce, wannan shawul ɗin ai nawa ne, da ba don ni ba da tsirara za a fito da shi. Allah Ya gaya mana a Suratul Baƙara cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Kin yi asarar shawul, kin yi asarar lada. Irin wannan ne ya sa Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Wata mas'ala a taƙaice: in kayan na maraya ne, abin da ubansa ya bar masa ko aka ba shi da sunansa, kamar ɗan kunnen zinariya ko munduwar azurfa, waliyyi ba ya kyautar da su don neman suna a dangi. Kayan barka na yau da kullum kuwa al'ada ta bar su a hannun uwa.

Sai camfi. Muna jin ana cewa kada a sa wa jariri kayan yaron da ya mutu, wai mutuwa tana bin tufafi, har a guji kayan matar da ake kira wabi, a ƙara mata ciwo a kan ciwo. Annabi ya kore camfi. Ajali ba ya cikin zare. Abin da ke akwai shi ne cuta mai yaɗuwa da izinin Allah, kuma shi Annabin da ya kore camfi shi ne ya hana a haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya. Saboda haka kayan yaron da ya yi ƙazuwa ko wasu ƙuraje, a wanke da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana sosai, gidan sauro in ya yage a ɗinke, in an yi shakka a tambayi ma'aikatan gidan likita. Wasu kuma suna hana aro wai kada a yanki bakin zanen a kai wa boka. Sihiri gaskiya ne akwai shi, amma ki zargi ƴar uwarki ciki ɗaya ko kishiyarki ba hujja ba dalili, wannan zato ne, kuma Allah Ya gaya mana wani zaton zunubi ne. Ki tofa wa ɗanki Falaƙi da Nasi safe da yamma, ki bar zargin mutane.

Mu koma kanki, baiwar Allah. Tambayarki ta uku: kina da hakki. Dukiya ba ta fita hannun mai ita sai da yardarsa, ke kuwa ba ki ce kin bayar ba. Zanen, in yana nan, ana iya aikawa a karɓo shi, kuma wajibi ne a kan wadda ta ba da shi ta nemo. Rigar kuwa ta riga ta tafi. In aka kai gaban alƙali zai kimanta tsohuwar rigar jariri, ƙila kuɗin bai kai na sabulu ba, abin da ke cikinta a wurinki kuwa ba alƙalin da ke da ma'auninsa. Don haka biyan rigar nan ban haƙuri ne, ba kuɗi ba. Amma mu gaya miki gaskiya, mai yiwuwa ƙwarai ƙanwar mijinki ta ɗauka kyauta ce. Yarinya ce, haihuwarta ta fari, uwarta ce ta ce a ɗauko, ke kuma kin miƙa ba ki ce komai ba. Har yau ƙila ba ta san dalilin da ya sa kika ɗauke ƙafa ba, tana can tana cewa baƙin cikin haihuwarta kike yi. Kalma ɗaya da ba a faɗa ba ranar barka, aro ko kyauta, ita ta jawo shekara guda ta gaba. Da Safwanu ya tambayi Annabi ko ƙwace ne, Annabi bai yi fushi da tambayar ba, ya bayyana masa aro ne mai lamuni. Da wasu sulkunan suka ɓata ya nemi ya biya, Safwanu ne ya yafe. In Manzon Allah ya fayyace sharaɗin aro da bakinsa, ba kunya ba ce ke ki ce wa ƙanwarki, wannan na ba ki har abada, wannan ki dawo mini da shi in kin yaye, wannan kuwa ki yi haƙuri, ba na iya rabuwa da shi.

Gabar kuma ba ta halatta ta wuce kwana 3. Ubadatu ɗan Samitu ya ruwaito cewa Annabi ya fito zai gaya wa sahabbai wane dare ne Lailatul Ƙadari, sai ya tarar da mutum biyu daga Musulmi suna jayayya, aka ɗauke sanin daren. Jayayyar mutum biyu ke nan. Kuma ya gaya mana ana bijiro da ayyuka Litinin da Alhamis, a gafarta wa bayi, ban da biyun da ke gaba da juna, su sai a ce a dakata musu har su shirya. Muna cikin dararen nan yanzu.

Ga abin da muke ba ki shawara. Ki fara da mijinki, a ɗaki, ki gaya masa abin da kika gaya mana, don mun fi zaton shi ma bai sani ba. Shi ya je wurin mahaifiyarsa da ladabi, ya ce, Inna, kayan nan na marigayi ne, ranta yana kansu, a taimaka a nemo mata zanen uwarta. Kada ke ki je da kanki ki tuhumi tsohuwa. Sa'an nan kafin a ga watan sallah ki ɗauki ɗan abin buɗa baki ki tafi gidan ƙanwar mijinki, ki yi sallama, ki ɗauki yaron nan da ya yi kwana a cikin shawul ɗin ɗanki, ki sa masa albarka. Ke kuma ƙanwar miji, in kina saurare kin gane kanki, kada ki jira ta zo. Ki wanke abin da ya rage na kayan, ki ninke, ki kai mata har ɗaki, ko da abin da ya rage ɗin tsumman rigar ne. Ita ta san abin da za ta yi da shi.

Mai kula da na'ura yana ɗaga mana hannu, lokaci ya cika. Allah Ya jiƙan ƴaƴanmu da suka riga mu, Ya sa su zama masu ceton iyayensu, Ya ba wannan baiwa tasa zuriya mai albarka, Ya raya waɗanda ke goye. Gobe in Allah Ya kai mu za mu koma kan i'itikafi, mu haɗa da zakkar fidda kai, don tambayoyi a kanta sun taru.